Gidajen jinka na kwarin Sho a Japan: abin da ya gina su, abin da ya cinye su, da abin da ya tsare ragowar

A tsakiyar ƙasar Japan, cikin tsaunukan da suka raba lardin Gifu da lardin Toyama, akwai wani kwari mai zurfi da kogin Sho ya ratsa. A nan ake samun wasu gidajen manoma masu jinka da babu irinsu a sauran sassan ƙasar. Manya ne ƙwarai, wani yakan kai hawa huɗu ko biyar, kuma rufin nasu ya miƙe tsaye har ya fi jikin gidan cika ido. Mutanen wurin suna kiran wannan salon gini gassho-zukuri, domin ɓangarori biyu na rufin sun haɗu a sama yadda mabiya addinin Buddha ke haɗa tafukansu wajen addu'a. A watan Disamban 1995 hukumar UNESCO ta shigar da ƙauyuka uku na yankin cikin jerin wuraren tarihi na duniya: Ogimachi da ke Shirakawa, mai gidaje 59 na wannan salo, sai Ainokura mai 20 da Suganuma mai 9, su biyun a yankin Gokayama.

Waɗannan 88 ɗin guntun abin da aka gada ne. A ƙarshen ƙarni na 19 akwai kusan gidaje 1,800 irinsu a ƙauyuka fiye da 90. Zuwa 1994, shekarar da gwamnatin Japan ta miƙa takardunta ga UNESCO, waɗanda suka rage a mazauninsu ba su kai 150 ba. Cikin kowane goma, fiye da tara sun tafi. Wanda ya ga hoton Ogimachi a intanet, jinkaye sun yi layi dusar ƙanƙara ta lulluɓe su, zai ɗauka ai tun fil azal haka ƙauyen yake zaune lafiya. Da kyar aka sha. Kuma abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne cewa gidan nan ba ya tsayuwa da kansa ko na shekara arba'in. Sana'a ce ta haife shi, hayaƙi ke raya shi, jama'a ke sabunta shi, kuma ukun nan duk sun yi rauni tun kafin doka ta waiwaye shi.

A fara da dusar ƙanƙara, don ita ce ta zana rufin. Iskar hunturu da ke tasowa daga Saibiriya takan kwaso danshi a kan tekun Japan, ta zo ta yi karo da waɗannan tsaunuka ta sauke kayanta. Abin da ke taruwa a ƙasa yakan kai mita biyu, wata shekarar ya wuce, kuma jiƙaƙƙiya ce mai nauyi. Rufin da ya kwanta ba zai ɗauki wannan ba. Shi ya sa aka tayar da shi har gangarensa ya kai wajen digiri 60 a gidajen da suka fi tsini, yadda dusar za ta riƙa sulalowa, ruwa kuma ba zai samu zama ya ruɓar da ciyawa ba. Duk da haka sai maigida ya hau da shebur ya rage nauyin idan ta yi yawa. Kafin sanyi ya shigo akan kewaye bangon gida da zanayen ciyawa domin dusar da ta zubo daga sama kada ta danne tagogi. A Ogimachi kusan dukkan gidajen fuska ɗaya suka kalla. Goshinsu yana duban kudu da arewa, daidai da yadda iska ke bin kwarin, don kada ta daki faɗin rufin. Su kuma ɓangarorin jinka biyu, ɗaya na kallon gabas ɗaya yamma, kowanne ya samu rabonsa na rana ya bushe.

Ginin kansa hannu biyu ne suka yi shi, kuma wannan rabon aiki yana da muhimmanci wajen fahimtar duk abin da ya biyo baya. Daga ƙasa zuwa saman bango aikin kafinta ne, gwani da ake ɗaukowa a biya shi. Shi ke sassaƙa ginshiƙai, ya yi musu kafa da rami su shiga juna. Har gungumen da ya tanƙware ba ya yarwa: itacen da ya tsiro a gangaren dutse, nauyin dusa ya lanƙwasa gindinsa tun yana ƙarami, shi ake nema musamman a gitta a saman babban ɗaki, domin lanƙwasar tasa tana ƙara masa ƙarfin ɗaukar kaya. Daga nan zuwa sama kuwa, tsaikon rufin gaba ɗaya, mutanen ƙauye ne ke ɗaurawa da kansu, kuma babu ƙusa ko ɗaya a ciki. Manyan sandunan da suka haɗu a ƙololuwa, akan feƙe gindin kowanne ya yi tsini a ɗora shi cikin ɗan rami a kan gungumen da ke ƙarƙashinsa, ba a kafe shi ba. Sauran mahaɗan da igiyar karan shinkafa ake ɗaure su, tare da ɗanyen reshen wani itace da suke kira neso, wanda ake murɗawa tun yana da laushi, yana bushewa yana ƙara tamkewa. Amfanin wannan shi ne rufin yana da sassauci. Idan iska ta kaɗa, ko ƙasa ta girgiza, ko dusa ta danna gefe ɗaya, yakan ɗan motsa ya koma mazauninsa maimakon ya karye. Bajamushen nan masanin zanen gine-gine, Bruno Taut, wanda ya baro Jamus a 1933 ya zauna a Japan, ya ziyarci Shirakawa a 1935, kuma abin da ya burge shi shi ne hankalin da ke cikin ginin, yadda kowane itace ke da dalilin zamansa a inda yake. Rubutun da ya yi ya taimaka wajen sa 'yan birni su fara kallon gidajen da daraja.

To me manomi zai yi da gida mai hawa huɗu? Gaskiyar magana, noma bai taɓa ciyar da wannan kwari shi kaɗai ba. Fili mai shimfiɗa kaɗan ne, shinkafa ba ta isa, wata huɗu ko biyar ana kulle a cikin dusa. Dole gida ya zama wurin sana'a. Benayen da ke cikin rufin ba don kwana aka yi su ba, na kiwon tsutsar siliki ne. Tsutsar tana son haske da iska da ɗumi, shi ya sa goshin gidan ya tsaya a miƙe da manyan tagogi masu takarda a kowane hawa, saɓanin yawancin gidajen jinka na Japan da rufinsu ke gangarowa ta kowace fuska. Daɓen benayen kuma na siraran katako ne masu tazara, domin zafin murhun da ke tsakiyar ɗakin ƙasa ya ratsa har sama. Bayan buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama ga cinikin ƙetare a 1859, zaren siliki ya zama babban abin da Japan ke fitarwa, kuma da yawa daga manyan gidajen da ake gani yau kuɗin siliki ne ya gina su ko ya faɗaɗa su.

Ƙarƙashin daɓen gida ma ba a bar shi banza ba. A can ake haƙa rami kusa da murhu, a zuba ƙasa da ciyayi da kashin tsutsar siliki, a riƙa juyawa har shekara huɗu ko biyar, sannan a tace a dafa a fitar da gishirin da ake haɗa albarushi da shi. Gokayama tana ƙarƙashin masarautar Kaga ta gidan Maeda a wancan zamani, kuma nisan wurin ya dace da sana'ar da ake son ɓoyewa. Masarautar har fursunoni takan kai can, kuma ba a yarda a gina gada a kan kogin ba, sai dai a tsallaka cikin kwando da aka rataye a igiya. Gidan Wada, wanda ya fi kowanne girma a Ogimachi, da cinikin wannan gishiri ya yi arziki. A Gokayama akwai kuma sana'ar yin takardar gargajiya da hunturu. Duk waɗannan hannaye suke ci. A wasu ƙauyukan kudancin Shirakawa, irin su Miboro, babban ɗa kaɗai ke yin aure ya kawo mata gida, ƙannensa maza da mata su ci gaba da zama suna aiki, har gida ɗaya ya tara mutum talatin ko fiye. Ba na son a yi wa wannan tsari kwalliya. Talauci da ƙarancin ƙasa ne suka tilasta shi, kuma ƙannen da suka ƙare rayuwarsu ba su da gidan kansu su ne suka biya kuɗin girman da muke yabawa yau.

Sai hayaƙi. Murhun ba ya mutuwa, kuma babu bututun da zai fitar da hayaƙinsa waje, don haka yakan bi ta benayen ya ratsa jinka. Shekara da shekaru kunkunniya tana manne wa igiyoyi da sanduna har su yi baƙi ƙirin, ƙwari su guje su, ciyawa ta zauna a bushe. Jinkar da ke shan hayaƙi kullum takan yi shekara arba'in ko fiye kafin a sake ta. Duk shekara, bayan dusa ta narke, akan gyara ƙololuwa a kuma cusa sabuwar ciyawa inda ta zaizaye.

Ranar sake jinka kuwa ranar ƙauye ce gaba ɗaya. Kaurin ciyawar ya kusa mita ɗaya a manyan gidaje, kuma da zarar an yaye tsohuwa gidan ya zama a buɗe, ruwan sama ɗaya ya isa ya yi ɓarna. Saboda haka dole a gama baibayar gefe guda cikin yini ɗaya, abin da ke buƙatar mutum ɗari zuwa ɗari biyu. Bahaushe ya riga ya faɗa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma duk wanda ya taɓa halartar gayya zai gane tsarin da suke kira yui ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bambancinsa shi ne tsananin lissafi. Kowane gida yana da littafin da ake rubuta wanda ya zo, da aikin da ya yi, da abin da ya kawo na igiya ko ciyawa, domin bashi ne. Tun da sau ɗaya ko biyu mutum zai sake jinkarsa a rayuwa, sau da yawa ɗa ko jika ne ke biyan aikin da aka yi wa kakansa. A ranar, dattawan da suka san aiki su ke tsayawa a gefunan rufin inda kuskure ya fi tsada, matasa su jeru a kan gangaren, wasu na ciki suna karɓar babbar allurar itace da ake zura igiya da ita su mayar waje, mata da yara na miƙa dammunan ciyawa da dafa abinci. Ciyawar kanta kowane gida yana da filinsa a gangaren dutse, yana yanka duk kaka yana tarawa shekaru kafin ranar. A 2001 an sake jinkar gidan Nagase mai hawa biyar a Ogimachi, mutum fiye da 500 suka taru, har da 'yan sa kai daga wasu garuruwa.

Wannan duka ya nuna inda raunin yake. Gida irin wannan yana buƙatar maƙwabta masu yawa da su ma suke da irinsa. Idan rabin ƙauye suka koma rufin kwano, ba su da sauran dalilin hawa rufin wani, domin babu ranar da za su nemi a biya su.

Haka kuwa aka yi. Sana'ar gishirin albarushi ce ta fara mutuwa, bayan Japan ta soma shigo da mai araha daga ƙasar Chile a ƙarshen ƙarni na 19. Siliki ya jure har bayan yaƙin duniya na biyu, sannan zaren roba da na ƙetare suka karya shi, zuwa shekarun 1970 kiwon ya kusan ƙarewa a kwarin. Matasa suka bi masana'antu zuwa birane. Sai kuma madatsun ruwa na samar da lantarki da aka jera a kan kogin Sho. Babbarsu, madatsar Miboro mai tsayin mita 131 da aka kammala a 1961, ta nutsar da ƙauyuka ta tashi mutum fiye da dubu. A ƙaramar hukumar Shirakawa kaɗai, gidajen gassho sun ragu daga wajen 300 a 1924 zuwa 190 a 1961. Gobara ta ci wasu. Wasu kuma sayar da su aka yi. Da yake ginin na ɗauri ne da haɗi, ana iya kwance shi a loda a mota, sai 'yan kasuwa suka riƙa saye suna kaiwa birane suna mayar da su gidajen abinci. A 1967 mutanen ƙauyen Kazura suka tashi gaba ɗayansu suka bar wurin. Wannan ya girgiza mutanen Ogimachi, domin sun ga abin da ke tafe.

A 1971 suka kafa ƙungiyar kare ƙauyensu, suka rubuta wa kansu alkawari mai ƙa'ida uku game da gidaje da gonaki da dazuzzukan ƙauyen: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa. Sun koyi wannan ne daga Tsumago, wani tsohon zangon matafiya a lardin Nagano da ya riga su fara irin wannan yunƙuri. A lura da shekarar. A lokacin babu dokar ƙasa da ta san yadda za ta kare ƙauye sukutum yana raye. Dokar kare kayan tarihi ta Japan an yi ta ne a 1950, bayan gobarar da ta lalata zanen bangon haikalin Horyuji a watan Janairun 1949, kuma hankalinta ya fi karkata ga gini ɗaya ɗaya mai daraja ko wurin tarihi. Da ita aka kare gidan Iwase da gidan Murakami na Gokayama a 1958, aka kuma ayyana Ainokura da Suganuma wuraren tarihi na ƙasa a 1970. Sai a 1975 aka yi mata gyara aka ƙirƙiro rukunin unguwannin gine-ginen gargajiya, inda ake kallon gidaje da rumbuna da hanyoyi da magudanan ruwa a matsayin abu ɗaya. A 1976 aka zaɓi wurare bakwai na farko, Ogimachi da Tsumago na cikinsu. Ke nan manoman sun riga doka da shekara huɗu, sun riga UNESCO da shekara ashirin da huɗu. A ganina wannan jeri shi ne sirrin nasarar. Hukuma ta zo ta tarar da mutane sun riga sun yanke shawara, aikinta ya zama ta ƙarfafa su da kuɗi da ƙwararru.

Yadda tsarin ke aiki yau ba shi da sarƙaƙiya, sai dai yana da nauyi a kan mazauna. Duk wanda zai taɓa wani abu da ido ke gani daga waje, ko sabon rumbu ne, ko launin bango, ko allon shago, ko sare itace, sai ya nemi izini. Ƙungiyar mazauna ce ke fara duba takardar a zamanta na wata wata kafin ta wuce hukumar ƙauye. Ma'ana maƙwabcinka ne zai fara ce maka a'a, kuma wannan ya fi umarnin jami'i daga Tokyo tasiri, ya kuma fi shi zafi. Gidajen zamani da ke cikin ƙauyen su ma an ƙayyade musu tsawo da launi. Cikin gida kuwa an bar wa mai shi sarari ya sa bandaki da kicin na zamani, domin an gane cewa wanda aka hana jin daɗin gidansa tashi zai yi. A madadin wannan takura, gwamnati na ɗaukar kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin sake jinka. A 1997 aka kafa wata gidauniya ta ƙauyen wadda ke samun kuɗinta daga wurin ajiye motocin baƙi, tana zuba shi a gyare-gyaren da tallafin gwamnati bai kai gare su ba.

Akwai wata hanyar ceto da aka bi, wato kwashe gida a kai shi gidan tarihi. Gidan Yanohara da madatsar Miboro za ta nutsar an kai shi lambun Sankeien a Yokohama a 1960. Wasu suna gidan tarihi na Kawasaki, wasu a Takayama, gidajen Kazura kuma aka tsallaka da wasunsu wani fili daura da Ogimachi da aka buɗe wa masu ziyara a 1972. Ba na raina wannan aiki, don ba don shi ba da tuni sun ruɓe ko suna ƙarƙashin ruwa, kuma a nan ne mai nazari zai ga cikin gida yadda yake a da. Amma gidan da aka raba da gangarensa da filin ciyawarsa da maƙwabtansa ya daina bayyana dalilin siffarsa. Ma'aikaci ne ke hura masa wuta bisa jadawali.

Wani zai tambaya, idan ana sake jinka duk bayan wasu shekaru, ana canza igiya da rubaɓɓen itace, me ya rage na tsohon gida da za a kira gado? Tambayar ta daɗe tana damun masana, domin ƙa'idojin farko na adana gine-gine, irin yarjejeniyar Venis ta 1964, an rubuta su ne da tunanin ginin dutse na Turai, inda asalin kayan gini ke da babban matsayi. A watan Nuwamban 1994 aka yi taro a birnin Nara na Japan, aka fitar da takardar da ta amince cewa ana auna sahihancin gini ne da ma'aunin al'adar da ta yi shi, kuma siffa da dabara da amfani da hannun da ya gaji aikin duk suna cikin lissafi. Shekara ɗaya bayan haka ƙauyukan nan suka shiga jerin. Wannan matsaya ta shafe mu kai tsaye, domin ginin ƙasa ma da sabuntawa yake rayuwa. Tsohon garin Agadas, da UNESCO ta shigar a 2013, da hasumiyar masallacinsa mai mita 27, yaɓen da ake maimaita masa shi ne ke tsare shi, kuma babu mai cewa sabon yaɓe ya rage masa asali. A 2020 UNESCO ta ƙara da shigar da sana'o'in gyaran ginin katako na Japan cikin jerin al'adun da ake gada, kuma baibaya da yankan ciyawar jinka suna ciki.

Babban abin tsoro a kullum wuta ce. Gida na itace da takarda da busasshiyar ciyawa, idan ya kama, tartsatsinsa kaɗai ya isa ya cinye unguwa. A Ogimachi an kafa bututan feshin ruwa 59 a cikin 'yan akwatuna masu siffar gidajen, mazauna ne ke buɗe su da kansu, kuma manufarsu su yi labulen ruwa tsakanin gida da gida. Duk kaka ana gwada su gaba ɗaya a lokaci guda. Mazauna suna zagayen gargaɗin wuta bi da bi kowace rana, an hana wasan wuta, an ƙayyade wuraren shan taba. A ranar 4 ga Nuwamban 2019 wuta ta cinye wasu rumfuna biyu kusa da wurin ajiye motoci a tsallaken kogi, aka buɗe bututan, ba ta kai ga gidajen tarihin ba.

Sunan da UNESCO ta ba su ya kawo kuɗi, ya kuma kawo nasa ciwon. Kafin 1995 masu ziyartar Shirakawa ba su wuce wajen 700,000 a shekara ba. A watan Yulin 2008 aka kammala babbar hanyar Tokai-Hokuriku, da ramin Hida mai tsawon kilomita 10.7 da ya huda dutsen da ya tsare kwarin tun asali. A shekarar baƙi suka haura miliyan 1.8, a 2019 suka wuce miliyan 2, alhali mutanen ƙaramar hukumar duka ba su fi 1,500 da 'yan kai ba, na Ogimachi kuwa wajen 500. Yawancin baƙin a manyan motoci suke zuwa, su yi awa ɗaya ko biyu su wuce, don haka cunkoson ya fi cinikin yawa. Wasu gonakin shinkafa da ke tsakanin gidaje an mayar da su wurin ajiye mota na kuɗi, abin da ya jawo doguwar muhawara a ƙauyen, domin gonakin suna cikin abin da aka yi alkawarin karewa. Daga 2014 aka hana motocin baƙi shiga tsakiyar ƙauyen da rana. Daren haska gidaje da fitilu a lokacin hunturu, wanda hotonsa ya zagaye duniya, tun 2019 sai wanda ya yi rajista tun da wuri ke halarta. Akwai kuma abin da doka ba ta iya magancewa, baƙon da ke tura ƙofar gidan mutane yana leƙe, don a zatonsa duk ƙauyen wurin kallo ne. Ainokura da Suganuma, da yake ƙanana ne kuma baƙinsu ba su kai haka ba, sun fi natsuwa, amma su kuma ƙarancin mutane ya fi yi musu barazana.

Idan aka koma kan abubuwa ukun da suka tsayar da gidan, za a ga kowanne an maye gurbinsa da wani abu da kuɗi ke saye. Benayen siliki sun zama wurin nuna tsoffin kayan aiki ko ɗakin ajiya, gidaje da dama sun koma masaukin baƙi da shaguna. Murhu ya ja baya ga na'urar ɗumama ɗaki, hayaƙi ya ragu, jinka kuma ta daina daɗewa, yanzu shekara ashirin zuwa talatin ake sake ta. Filayen ciyawa da aka daina yanka daji ya cinye su, har ta kai mafi yawan ciyawar da Shirakawa ke amfani da ita sayo ta ake yi daga Gotemba, a gindin dutsen Fuji, kuma ba irin siririyar ciyawar kariyasu ta gida ba ce, wadda cikinta rami ne, take saurin bushewa ta kuma fi jure ruwa. Yawancin sake jinka yanzu 'yan kwangila ƙwararru ne ke yi cikin makonni, yui ya zama abin da ake shiryawa jefi jefi don kada matasa su manta yadda ake ɗauri. Ba laifin kowa ba ne. Mai aikin albashi ba zai iya ajiye aikinsa duk ranar da maƙwabci ya kira ba, kuma maigida da yawa sun fi son su biya kuɗi su huta da su ɗauki bashin aikin da ba su da 'ya'yan da za su biya. An fara farfaɗo da wasu filayen ciyawar, ana gayyatar 'yan sa kai da ɗalibai yankan kaka, musamman a Gokayama inda har yanzu ake riƙe da kariyasu.

Matsalar da ta fi wuyar warwarewa tana cikin alkawarin 1971 kansa. Hana sayarwa da haya shi ya toshe ƙofar 'yan kasuwar waje, shi ya sa har yau masu gidajen Ogimachi 'ya'yan Ogimachi ne, kuɗin baƙi kuma yana shiga aljihun mazauna. Amma an rubuta shi ne a zamanin da kowane gida ke da magaji. Yau idan tsohuwa ta rasu, 'ya'yanta suna Nagoya ko Kanazawa da aikinsu da makarantar yaransu, gidan zai zauna a rufe, babu mai hura wuta, babu mai sauke dusa daga rufi, babu mai fita zagayen dare a madadinsa, kuma ƙa'idar, yadda aka rubuta ta a 1971, ta hana a ba wa wani baƙo mai son zama. Ni dai ina ganin sassauta maganar haya ta zama dole, da sharaɗin wanda zai shiga ya zauna a gidan da iyalinsa shekara cur, ya ɗauki rabonsa na zagayen wuta da gyaran magudana da hawa rufin maƙwabci, kuma ƙungiyar mazauna ce za ta tantance shi kamar yadda take tantance launin bango. Hana sayarwa da hana rushewa kuwa a bar su yadda suke.